Wasiƙa zuwa ga Masu Zana Taswirar Ji-ta-ji-ta

Ina yaba muku, ya ku 'ya'yana, bisa himmar da kuka yi tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sa'ad da ƙarairayi suka cika wayoyin jama'a, kuka zana taswirorin da mutum kan taɓa da yatsa ya ga inda labari ya ɓullo. Allah ya saka da alheri.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a zanenku Yamai takan yi jawur da ɗige-ɗige, Tasawa da Mayayi kuwa fari fat, alhali dalilin farin nan shi ne daga X da shafukan Facebook na Faransanci kuke kwaso ƙididdigarku, ita kuwa ji-ta-ji-tar ƙasarmu da murya take tafiya, cikin saƙon WhatsApp wanda na'urarku ba ta iya leƙawa, a saurare shi a rumfar mai cajin waya ran kasuwa, kafin magariba ya game ƙauyuka. Ƙaryar da aka yi wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, har cutar ta bazu zuwa ƙasashe maƙwabta, ai ba ta jira intanet ba.

Malaman hadisi, irin su Buhari da Muslim, ba su karɓar ruwaya sai da isnadi, kuma inda isnadi ya yanke, magabata sukan bayyana yankewar a fili. Ku kuwa, ko bayan da Meta ta rufe CrowdTangle, manhajar bin diddigin abin da ake yaɗawa a Facebook, a Agusta 2024, ganinku ya daɗa raguwa, ba ku daina miƙa wa mai kallo ɗan abin da kuka samu tamkar shi ke nan ba. Wannan tadlisi ne, wato ɓoye aibin isnadi, ko ba ku nufa ba! Kaico, a zamanin Abubakar Imam, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo akan karanta ta da ƙarfi don wanda bai yi boko ba ya ji. Yau shafinku ko buɗewa ba ya yi inda rezo ke da rauni.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi. Roƙona shi ne ku ba wuraren da ba ku ƙirga ba launi na dabam, ku rubuta dalili a ƙarƙashi, ku sauƙaƙa shafin, sa'an nan ku naɗi bayaninsa da muryar Hausa ku kai wa gidajen rediyon karkara. Haza wasalam.