Haɗarin mota a ƙetare: Takarda ce ke magana

Duk wanda ya san Tambuwal da Kebbe ya san cewa ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne a wurin mutanenmu. 'Yan kasuwa da direbobi da masu zumunci sukan bi ta Jega da Birnin Kebbi zuwa Kamba su shiga Gaya, wasu su zarce Malanbil ta ƙasar Binin, wasu kuma su bi ta Sakkwato da Illela su faɗa Birnin Ƙonni. Da yake ana jin Hausa a kasuwannin nan, sai matafiyi ya ɗauka yana gida. A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin a nan ne muke yaudarar kanmu. Da Hausa ake ciniki, amma ranar da aka yi haɗari, da Faransanci jandarma zai rubuta rahoto, kuma da wannan rahoton kamfanin inshora zai yi aiki.

Tun a watan Mayun 1982 ƙasashen ECOWAS suka sanya hannu a Kwatano kan yarjejeniyar katin inshora da ake kira Brown Card, wanda makwabtanmu ke ce wa Carte Brune. Idan motar Najeriya ta yi wa wani ɓarna a wata ƙasa, ofishin katin na can ne zai bi maganar diyya, sannan ya karɓi kuɗin daga takwaransa na nan. A lura, katin na biyan wanda aka yi wa ɓarna ne, ba ya gyara motar mai shi. A Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin irin wannan inshora ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, tare da katin a ciki.

To, ina gizo ke saƙa? Da yawa daga cikinmu takarda kawai muke saya a hannun 'yan bakin tasha don a wuce shingen 'yan sanda. Ranar tsautsayi sai a tarar babu kamfanin da ya san da ita. Daga nan sai a tsare mota, wani lokaci har da direba, a koma sayar da gona ko shanu a Kebbe don a biya diyya a Dosso.

Shawarata ita ce, kafin a tashi a tabbatar da sahihancin takardar a rumbun bayanai na NIID. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, a nemi kamfani ya rubuta ƙasashen da katin ya ƙunsa. Mai ƙyamar inshora saboda addini yana da takaful, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013. Idan kuwa abin ya auku, a fara ceton rai, a ɗauki hotuna da lambar mota da sunayen shaidu, a sanar da kamfani nan take. Uwa-uba, kada a sa hannu a kan rubutun da ba a fahimta ba sai an sami amintaccen tafinta, domin baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi na Tambuwal da Kebbe da su riƙa duba takardun mambobinsu kafin lodi, su kuma nemi malaman Faransanci su fassara musu muhimman kalmomin rahoton haɗari zuwa Hausa. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.