FILIN LAFIYARMU: Yaɓen Haƙoran Gaba, Shekara Nawa Yake Yi?

 A wannan wata mun sami takarda daga wata baiwar Allah a Hausa Zongo, wadda ke shirin aurar da 'yarta. Ta ce haƙoran gaban yarinyar suna da dabbare-dabbare tun tana ƙarama, an kuma ba su shawara a je a yi musu yaɓe da farin ciko kafin biki. Tambayarta ɗaya ce: in an yi, an yi ke nan har abada? To, Hajiya, amsar ita ce a'a. Ga dalili.

Da farko, mene ne yaɓen? Wani haɗi ne na roba da garin gilashi, mai launin haƙori, likitoci na kiransa kwamfozit. Likita kan shafa wa fuskar haƙori ruwan asid mara ƙarfi don ta yi kaushi, ya sa gam, sannan ya yaɓa haɗin kaɗan-kaɗan yana haska masa shuɗin haske har ya daskare, daga ƙarshe ya goge shi ya yi sheƙi. Sau da yawa a zama ɗaya ake gamawa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likitan Amurka, Michael Buonocore, shi ya fito da hanyar shafa asid a 1955, Rafael Bowen kuma ya haɗa robar a farkon shekarun 1960.

Mu nan arewacin Gana muna da dalilan neman wannan aiki fiye da na kwalliya kawai. Tamale garin babura da kekuna ne, kuma wanda ya faɗi ta fuska, haƙoran gaba su ke fara biyan bashi. Sai kuma ruwan sha. A wasu yankuna, musamman gundumar Bongo ta wajen Bolgatanga, ruwan rijiyar burtsatse na ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da miligiram 1.5 a kowace lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Yaron da ya sha irin wannan ruwa kafin ya kai shekara 8, haƙoransa na iya fitowa da tabo fari ko ruwan ƙasa, wanda asuwaki da buroshi ba sa fitarwa, domin a cikin ɓawon haƙorin yake.

Yanzu ga zancen daɗewa. Abin da likitocin haƙori suka saba faɗa shi ne, yaɓen roba kan yi shekara 5 zuwa 7 kafin ya nemi gyara ko sauyi, alhali na tangaran kan wuce shekara 10. A ƙasar Holan an bi diddigin haƙora 48 har tsawon shekara 10, rabi da yaɓen roba irin wanda ake ƙerawa a waje a manna, rabi da na tangaran. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna na tangaran duk suna nan, na roba kuwa kashi 75 cikin 100 ne suka kai labari. Wani binciken da aka buga daga Barazil a 2015 ya gano cewa yaɓen da aka yi wa mataccen haƙori, wato wanda aka cire wa jijiya, yana lalacewa ninki biyu na wanda aka yi wa haƙori mai rai.

Lalacewar ba rana ɗaya take zuwa ba. Sheƙin ne ke fara dusashewa. Daga nan fuskar ta yi kaushi ta riƙa shan launi, sai wani siririn layi mai duhu ya bayyana a inda roba ta haɗu da haƙori, kusa da dasashi. Bayan haka baki ya ɓantare, ko yaɓen ya ɓalle gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa yi wa katangar ƙasa yaɓe ya san wannan labari: damina ɗaya ba ta kayar da ita, amma kowace damina da abin da take tafiya da shi.

Damina a nan kuwa ita ce abin da muke sa wa a baki. Goro, shayi mai kauri, kofi da taba, duk suna rina roba fiye da yadda suke rina haƙorin asali. Iyayenmu mata na da can da gangan suke rina haƙora da fure da goro don ado, amma amaryar yau fari take nema, ba kuwa za a haɗa farin yaɓe da goron safe da na yamma a zauna lafiya ba. Haka nan fasa ƙashi, buɗe kwalba da haƙori, tsinke zare, da cizon haƙora cikin barci, su ne ke ɓantare shi. A kuma sani, maganin ƙara wa haƙora haske ba ya aiki a kan roba. In ana son a haskaka haƙora, a yi kafin yaɓen, sannan a zaɓi launi.

Kada a ce mun kushe shi. Yaɓen roba ya fi na tangaran sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, in ya ɓantare ana iya liƙe wurin ba sai an sake duka ba, kuma sau da yawa ba a buƙatar kankare haƙori sosai. Wannan na ƙarshe shi ne babban abu, domin ɓawon haƙori ba gashi ba ne, in an kankare ba ya tsirowa. Yarinya 'yar shekara 20 da aka kankare wa haƙora, ta shiga hidimar yaɓe ke nan har tsufanta, kuma inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 ba ta biyan aikin kwalliya. Daga aljihu ne, yau da gobe.

Saboda haka, Hajiya, kafin a zauna a kujera a yi wa likita tambaya huɗu. Za a kankare haƙorin, kuma yaya yawansa? Haƙorin na da rai? Akwai hanya mai sauƙi, kamar goge tabon sama-sama, wadda za ta wadatar? Nawa ne kuɗin gyara in ya ɓantare? A tabbata mai aikin likita ne da ke da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tamale. Mai manna haƙora a shagon kwalliya zai yi muku rangwame, amma araha ba ta ado. In dasashi na zubar da jini ko akwai ruɓa, a fara maganinsu tukuna. Kada kuma a bari sai makon biki, ba a fafe gora ranar tafiya.

In an yi, a riƙa goge baki sau biyu a rana da buroshi mai laushi, a kurkure bayan shayi, a koma wa likita ko da sau ɗaya a shekara ya duba ya sake goge shi. Kuɗin wannan komawa, a sa shi cikin lissafi tun yanzu, tare da na kayan ɗaki.

Allah ya sa a yi biki lafiya. Mai tambaya ya aiko da takardarsa, sai mun haɗu a wata mai zuwa.