Katin ɗanta ne, don me ba za ta iya karanta shi ba?

A ƙarshen watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, aka mayar da Faransanci harshen aiki. An yi murna. To, a je kowace likita a Madawa, Buza ko Keita, a karɓi katin awon yaro daga hannun uwarsa a duba. Ranar rigakafi, nauyi, sunan magani, ranar dawowa, duk da Faransanci. Haka takardar haihuwa, haka takardar sayen magani. Wannan abin yana ƙona mini rai.

Za a ce ai malaman asibiti Hausa suke yi da mata. Gaskiya ne, Allah ya saka masu. Amma magana iska ce. Mace ta taso daga ƙauye cikin duwatsun Adar, ta bi layi tun safe, yaro na kuka a baya, an yi mata bayani cikin minti biyu. Ta koma gida, ta manta ko cokali ɗaya aka ce ko biyu. Wa za ta tambaya? Takardar da ke ɗaure a bakin zanenta ba ta magana da ita. Gobe yaro ya rikice, a ce mata jahila.

Jahila? A Mirriya an koya wa uwaye auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zare mai launin ja, rawaya da kore, suka riƙa gano tamowa da kansu tun kafin ta kwantar da yaro. Da aka yi masu bayani yadda za su gane, sun gane.

Yankin Madawa ma ya san tamowa. Tun bayan yunwar 2005 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke jinyar yara a Madawa. A 2006 gwamnati ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Kusan shekara 20 ke nan, amma buga kati da Hausa, boko da ajami, ya gagara? Ajamin nan kuwa ana karanta shi a zaurukan da ba a taɓa buɗe littafin Faransanci ba. Buzuwa da Bafillatana na Keita su ma suna da haƙƙin a saurare su da Tamashek da Fulfulde, ba sai an kira wani ɗan kasuwa ya tsaya tafinta kan sirrin ciki da na aure ba.

A ƙasar Ailan kusan kowa na jin Turanci, duk da haka a 2021 suka gyara doka: nan da 2030, kashi 20 cikin 100 na sababbin ma'aikatan gwamnati su iya harshen Airish. Su suna neman ceto harshe. Mu ran yara muke neman ceto.

Ya kamata ma'aikatar lafiya da ke Yamai ta fara da katin awo. Takarda ce da tawada.