Wasiƙa ga Masu Ɗaukar Hoton Ƙananan Garuruwa: Ku Bar wa Hazo Aikinsa

Ƙannena, abokan sana'a,

Abin da ya sa na zauna rubuto muku shi ne wasu hotuna da wani matashi daga cikinku ya turo mini kwanan baya, yana so in duba masa. Yaron yana da ido, ya san inda zai tsaya. Amma sai da na karanta rubutun da ke ƙarƙashin hotunan sannan na gane Argungu ce. Ruwan Matan Fada ya koma shuɗi garau kamar tekun da ake tallar otal da shi, katangun ƙasa sun zama ruwan lemo, fuskokin masunta sun yi toka-toka. Na gane abin da yake nema: hoto mai laushi, mai sanyi a ido, wanda in ka kalla za ka ji kamar mafarki kake yi. Ni ma shi nake bi shekara da shekaru, shi ya sa abin ya dame ni. Ya ɗauko shiryayyen launi da wani ya haɗa don garinsu mai dusar ƙanƙara, ya shafa wa garin Kabawa, alhali Argungu tana da nata mafarkin da ba ta bukatar aro.

Ku fara da hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta rataye ta a sararin garuruwanmu. Masu hoto a wasu ƙasashe suna sayen gilashi na musamman su ɗaura a bakin kyamara, na dā ma har man shafawa suke gogawa, duk don su sami irin laushin da mu muke samu kyauta. Hazo yana rage kaifin rana, yana dishe abin da ke nesa, yana raba gari hawa-hawa: giginyar da ke kusa baƙa ƙirin, ta bayanta ruwan toka, hasumiyar masallaci can ƙurya kamar an zana ta da hayaƙi. Sai ga shi da yawanku da zarar kun buɗe Lightroom, makullin cire hazo kuke fara ja zuwa dama, ku share wannan baiwar tas, sannan ku koma neman filtar da za ta maido muku da ita. Wannan ai zubar da nono ne a koma neman ruwan tsaki.

Lokaci kuma ba ya jira. Argungu tana can yamma, don haka a watan Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai, amma da yake muna kusa da tsakiyar duniya, in ta fito miƙewa take yi tsaye. Wannan jan haske mai taushi da Turawa suke morewa na tsawon lokaci, mu ɗan taƙi ne muke samu. Kafin hantsi ya ɗaga an gama. Saboda haka daga masallacin asuba a wuce bakin ruwa kai tsaye, kuma wurin tsayuwa tun jiya da yamma ake zaɓensa.

Bari in faɗa muku abin da ake gani a wannan ɗan taƙin lokacin. Hayaƙin murhun mai ƙosai yana tashi ya kwanta a kan rufin gidaje saboda sanyi, ya ƙi watsewa. Masunci guda ya turo kwalekwalensa, ruwan ya tsage gida biyu a bayansa a hankali. Garken shanu ya gangaro, ƙurar kofatonsu ta kama haske ta zama ruwan zinariya. Duk wannan ba za ka gan shi ba in rana tana bayanka. Sa ta a gabanka, ɗan gefe kaɗan, ka ɓoye ƙwayarta a bayan reshen darbejiya ko kusurwar soro, hasken ya ratso ta cikin hayaƙin. Ka durƙusa har kyamara ta kusa taɓa ruwa, inuwar kwalekwale ta haɗu da kwalekwalen. Ka ja baya ka yi amfani da gilashi mai jawo nesa, domin shi ne yake matse hawa-hawan nan su zo kusa da juna. Kuma a cikin duk wannan laushin, a bar abu ɗaya da kaifinsa, ko gora ce, ko hannun da ke riƙe da homa. Ido yana son wurin sauka. In komai ya dishe, mai kallo zai ɗauka hannunka ne ya yi rawa.

Abubuwa biyu kyamara take yi muku ba da saninku ba. Idan ta ga hazo mai haske sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, hoton ya fito da duhu kamar hadari. Ku ƙara mata haske da hannu, mataki ɗaya ko ƙasa da haka. Sannan in kun bar ta ta daidaita launi da kanta, za ta wanke jan safiya ta mayar da shi fari fat. Ku kulle ma'aunin launin. Wanda kyamararsa ko wayarsa take iya ajiye ɗanyen hoto, wanda ba a matse ba, ya ajiye, zai gode wa kansa a wurin gyara.

Yanzu gyaran. Wannan ƙyallin da kuke gani a hotunan mafarki yana da asali. Wani mai hoto ɗan Kanada, Michael Orton, shi ya shahara da shi tun shekarun 1980, lokacin fim: yakan ɗauki wuri ɗaya sau biyu, ɗaya da kaifi, ɗaya a dishe, duka biyun da ƙarin haske, sannan ya ɗora ɗaya kan ɗaya. Yau a Photoshop haka ake yi, a kwafi hoton, a dishe kwafin, a ɗora. Inda ake kuskure shi ne ƙarfi. A nawa aikin ba na wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma ba na barin ƙyallin ya shiga inuwa ko ya hau fuska, a wuraren haske kawai nake sa shi, kan ruwa, kan hayaƙi, bakin ganye. Mai aiki da Snapseed a waya shi ma yana da irinsa, dokar ɗaya ce. In ka gama, ajiye hoton ka kwana. Gobe da safe za ka ga ka zarce, sai ka rage rabi. Gishiri ne, ɗan kaɗan yake gyara miya.

Akwai wata matsala tamu ta kanmu da masu sayar da shiryayyen launi ba su damu da ita ba. Katangar jar ƙasa, da makuba, da yashin bakin kogi, da fatar mutanenmu, duk a gida ɗaya suke zaune a ma'aunin launi, tsakanin ja da ruwan lemo. Ka ƙara wa katanga armashi, fuskar dattijon da ke jingine da ita ta koma kamar an shafa mata manja. Ka rage, ya yi fari-fari kamar marar lafiya. Mafita ita ce ka ware mutum daban ka gyara bango daban, ka fara daidaita fata tukuna, sauran su biyo ta. Kada kuma ku haskaka fatar kowa da sunan laushi. Mutum ya ga kansa a hoto ya gane kansa, wannan haƙƙinsa ne a kanku.

Batun goge abubuwa kuwa, na koyi darasinsa da zafi. Na taɓa ɗaukar wani tsoho a ƙofar zaurensa, hoton ya yi mini kyau ƙwarai, sai dai akwai butar roba shuɗiya kusa da ƙafarsa da wayar lantarki ta ratsa sama. Na goge su duka biyun, na wanke hoton na kai masa. Ya riƙe shi da hannu biyu ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Yaro, ina butata?" Da ita yake alwala sau biyar a yini, ita kuma wayar shekaru suka yi suna jiran ta iso unguwarsu. Ni na ga tabo, shi kuwa rayuwarsa ce na share. Tun daga ranar, in abu ya dame ni a hoto, ƙafata nake matsarwa, ko in jira hazo ya rufe shi. Wanda kuma yake aikin jarida ya sani ba a yafe wannan ko kaɗan: a gasar World Press Photo ta 2015, kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe an fitar da su saboda taɓa su da aka yi fiye da kima. In hotonka na ado ne ka sauya shi sosai, to ka faɗa, kada ka bari a ɗauka haka garin yake.

Yawancinmu ba ma tuna Argungu sai lokacin bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ranar nan dubban masunta suke afkawa ruwa lokaci guda, hoton hayaniya ne da ƙarfi, kowa ma zai samu. Hoton da kuke nema yana cikin sauran ranakun, lokacin da babu baƙo a gari sai ku. A irin waɗannan ranakun ne ladabi yake zama rabin sana'a. Ku je ku gaida mai unguwa ku faɗi abin da ya kawo ku. Inda mata suke wanki ko wanka a bakin ruwa, a sauke kyamara. Ba a leƙa cikin gida ta kan katanga da gilashi mai jawo nesa. Yaro kuma sai da izinin babba. Wanda kuka ɗauka, ku nuna masa a fuskar kyamara nan take, in da hali ku wanko ku kawo masa.

Ƙurar nan da nake yabo ba ta raga wa kayan aiki. Kada ku canza gilashi a fili, ku shiga ɗaki ko mota. Ku riƙe ƙyalle mai laushi da ɗan abin hura iska, a hure kafin a goge, in ba haka ba yashin zai karce gilashin. Ku sa rigar sanyi, bakin ruwa da asuba ba wasa.

Shi kuma ƙanena mai hotunan, na ce masa ya koma kan ɗanyen hoton ya cire duk abin da ya shafa, ya turo mini yadda kyamara ta gani. In Allah ya kai mu hunturu mai zuwa, zan so mu tsaya tare a bakin Matan Fada kafin ƙarfe bakwai.

Wassalam,
Yayanku a sana'a.