Zinare Ba Ya Haihuwa: Raddi Ga Masu Da'awar Ƙarfi Na Biyar

Akwai maganar da ke yawo a bakin matasanmu, daga Tabanni har cikin Birnin Gwari, ƙasar da ake haƙar zinare tun zamanin Turawa. Masu ita suna cewa zinare yana tsiro a ƙasa, mai asiri yana iya juyar da dalma ko zaiba ta koma zinare, kuma wai kimiyya ma ta yarda da wani ɓoyayyen ƙarfi bayan huɗun da ta sani. Da maganar nan ake raba talaka da kuɗin gonarsa, don haka ba ta cancanci shiru ba.

Huɗun su ne: ƙarfin nauyi mai jawo abu ƙasa, ƙarfin lantarki da maganaɗisu, ƙarfin nukiliya mai tsanani, da ƙarfin nukiliya mai rauni.

Da'awa ta farko: an bar rami, an dawo bayan damina an sami zinare, ashe ke nan ya haihu.

Jawabi: duk wanda ya taɓa wankin ƙasa ya riga ya riƙe amsar a hannunsa. Yana juya kwano cikin ruwa, yashi ya zube ta baki, ƙyalli ya kwanta a gindi. Dalili, zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, farin dutsen da yake ciki kuwa bai kai sau 3 ba. Abin da hannu ke yi a kwano, shi ruwan sama ke yi a rami: ya zaizaye bango, ya kwashe mara nauyi, ya tara mai nauyi a wuri guda. Wannan aikin ƙarfin nauyi ne. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙaru ba.

Da'awa ta biyu: wuta da sassaƙe da wasu kalmomi suna mayar da dalma zinare.

Jawabi: abin da ya sa zinare ya zama zinare shi ne furoton 79 da ke cibiyar ƙwayar zarrarsa. Zaiba tana da 80, dalma 82. Ƙarfin nukiliya mai tsanani ne ya ɗaure su, kuma kwance ɗaurin yana buƙatar makamashin da ya ninka na ƙonewar wuta kamar sau miliyan. Zuga-zugin maƙeri yana narka zinare a digiri 1,064, amma iyakarsa bayan ƙwayar zarra, inda lantarki ke mulki, ba ya isa cibiya. A cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba an juyar da dalma ta koma zinare da injin da kewayensa ya kai kilomita 27. Abin da aka samu daga 2015 zuwa 2018 bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba, kuma nan take ya tarwatse. To mai kasko da gawayi fa? Abin da wuta ke fitarwa daga dalma da zaiba guba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara.

Da'awa ta uku: masana suna neman ƙarfi na biyar, to shi ne asirinmu.

Jawabi: gaskiya ne ana nema, amma da awo ake nema, kuma duk awon da aka yi ya nuna in ma akwai shi, ya yi rauni ƙwarai ko gajeren zango, har ba zai taɓa abin da ke cikin kasko ba. Ƙarfin da zai cire furoton uku daga dalma a tsakar gida ba zai ɓuya ga na'ura ba.

Da'awa ta huɗu: musun wannan musun ikon Allah ne.

Jawabi: subhanallah! Allah mai iko ne a kan komai, kuma shi ya ɗora halitta a kan tsarin da muke aunawa. Abin da muke musu shi ne ikirarin wane da wane. A wurin malaman fiƙihu, mai da'awa ne ke kawo shaida, kuma wurin shaida bai yi nisa ba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. Ana harba wa samfur nutiron, zinaren da ke ciki ya fitar da hasken da babu mai irinsa, sannan ƙarfin nukiliya mai rauni ya riƙa mayar da ƙwayoyin da aka harba zaiba, rabinsu cikin kwana 2.7. Duk mai asiri ya kai dalmarsa a auna kafin aiki da bayansa.

Ɗan'uwa, ana ƙera zinare ne a wurare irin karon matattun taurari biyu da masana suka gano ranar 17 ga Agusta, 2017. Na dajinmu ya girmi duniya, kuma abin da aka haƙe ba ya dawowa. Kada ka sayar da sanka ko gonarka don a ninka maka shi. Wanda ya ce zai iya, tambaye shi me ya sa yake neman kuɗinka. Allah ya tsare mu.