Kafin a nemi jari, a nemi littafin lissafi



A kwanakin baya mun yi sammako daga Ƙofa, muka bi ta Kankiya zuwa Katsina domin halartar wani taron masu ƙananan sana'o'i. Mun tafi da tunanin za mu ji inda ake samun jari. An kuwa yi bayani a kan rance da tallafi, har aka ambaci gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take bai wa matasan Afirka jarin dala 5,000 kowanne. Amma abin da ya tsaya mana a rai ya fito ne daga bakin wata baiwar Allah mai yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Da aka ba ta dama, sai ta ɗaga wani tsohon littafin rubutu irin wanda kuke zuwa da shi aji. Ta ce sau biyu tana karyewa, alhali kullum kayanta ƙarewa suke yi. Ashe uwar kuɗin take ci, tana zaton riba ce. Sai da 'yarta ta fara rubuta mata abin da ya shiga da abin da ya fita, sannan sana'ar ta tsaya da ƙafafunta.

Bari mu gwada lissafin tare. A ce a lokacin hutu kin haɗa zoɓo. Kin kashe naira 3,000 wajen sayen zoɓo da sukari da citta da leda da ƙanƙara, kin samu ƙulli 40, kowanne naira 100. Idan duk suka shiga, kina da 4,000 a hannu, amma 1,000 ce kawai taki. Sauran 3,000 ta sana'a ce, ita za ta koma kasuwa gobe. To, a ce ƙawaye sun karɓi ƙulli biyar bashi, ƙannenki sun sha uku, ke ma zafin rana ya sa kin sha biyu. Ribar ta tafi ke nan. In kuma aka ce ki ba da 500 a sayo magi, kin fara taɓa jari. Haka lissafin yake ga mai cajin waya da mai kiwon kaji.

Darasi na biyu da muka ɗauko shi ne kada a raina ƙaramin farawa. Aliko Ɗangote da bakinsa ya sha faɗin cewa yana firamare yake sayo alewa a kwali yana sayarwa. Yau matatar mansa da ke Legas an gina ta ne don tace ganga 650,000 a kullum. Kakan mahaifiyarsa, Alhassan Ɗantata, da fataucin goro ya fara, kafin ya shiga harkar gyaɗa. A 1929, a kan raƙuma 20 aka kai kuɗinsa ajiya a banki a Kano. Wanda yake cinye ribarsa kullum ba zai tara irin wannan ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Me ya sa muke wannan magana da ku tun yanzu? Saboda ba duk wanda ya gama sakandare ne zai samu aikin albashi ba. Da yawanku jarin farko zai fito ne daga akuyar da mahaifiya ta sayar, ko buhun geron da mahaifi ya fitar daga rumbu. Wannan amana ce, kuma in ta salwanta da wuya a sake ba ka wata. Shi ma mai ba da tallafi, abin da zai fara tambaya shi ne nawa kake kashewa, nawa kake samu.

Ga aikin gida. Ku samu littafi, ku ja layi a tsakiyar shafi, ɓangare ɗaya kuɗin da suka shigo, ɗayan waɗanda suka fita. Ku yi wa sana'ar gidanku wannan rubutu na kwana bakwai, ko dakan gyaɗa ce, ko ɗinkin hula, ko tireda. Har bashin naira 50 ku rubuta. A rana ta bakwai ku zauna da mai sana'ar, cikin ladabi, ku karanta masa ko ku karanta mata abin da kuka gani. Wanda ya yi, ya rubuto mana sakamakon.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.