Yawon Buɗe Ido: A Fara da Abin da Ke Hannu

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kamar yadda ta yi wa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Abin alfahari ne. Sai ga shi a ƙaramar sallar 2025 'yan sanda sun hana hawan, ana tsakiyar rikicin masarauta. Baƙon da ya taso daga Yamai ko Landan don kallon Hawan Daushe, me za a ce masa?

Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar yawon buɗe ido a 2023, ta haɗe ta da ta al'adu a 2024. Wannan bai hana ruwan sama zaizaye ganuwar Kano ba, masu gine-gine kuma suna ta cinye abin da ya rage. A marinar Ƙofar Mata, ramuka da dama sun daɗe ba su ga baba ba.

Muna kira ga gwamnatin Kano ta ware kuɗin gyaran ganuwa, ta tallafa wa marina, ta kuma zauna da jami'an tsaro tun kafin azumi domin a tabbatar da hawan bana.